Yadda ake raba sigina mai ƙarfi da mai rauni a radar idan amsa ta dawo ta hanyoyi da yawa

Radar bugu ɗaya take aikawa, amma amsar ba sau ɗaya take dawowa ba. Wata ta dawo kai tsaye daga jikin jirgi, wata ta fara dukan ƙasa, ko fuskar kogi, ko bangon rumfar jirage, kafin ta iso eriya ta ɓarauniyar hanya. Sai a tarar da amsa mai ƙarfi, ga wata mai rauni manne da ita, kamar fitilar kabu-kabu a gefen fitilun tirela da daddare. Mai raunin nan tana iya zama fatalwar jirgin da aka riga aka gani, tana kuma iya zama wani jirgi na biyu. Shi ya sa ba a share ta, ba a kuma ɗaga shingen ganowa, wato ƙarfin da sai amsa ta wuce shi kafin a ƙirga ta, don ta ɓace. Fitar da ita fili ake fara yi, hukunci ya biyo baya.

Bayanin nan na masu aiki da ɗanyen bayanan radar ne, wato I da Q, lambobi biyun da na'urar karɓa ke fitarwa a kowane awon sigina, irin ɗaliban lantarki na EAMAC, makarantar hasashen yanayi da sufurin jiragen sama da hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta ASECNA ke da ita a Yamai tun 1963, da duk mai gwajin ƙaramar radar da kwamfuta.

Fara da lissafi, kafin ka taɓa kwamfuta

Igiyar rediyo tana cin mita 300 a maikirosakan ɗaya. Tunda zuwa da dawowa ne, maikirosakan ɗaya daidai yake da nisan mita 150 a allo. Gurbin nisa, wato mafi ƙarancin tazarar da radar ke iya rabewa, shi ne gudun haske a raba da ninki biyu na faɗin zangon sigina. Megahaz 1 yana ba da mita 150, megahaz 10 yana ba da mita 15. Rubuta naka a takarda, don komai a kansa zai tsaya.

Daga nan ka tantance wace irin ɓarauniyar hanya ke damun ka, domin iri biyu ne, kuma maganinsu ba ɗaya ba.

Ta farko ita ce ta ƙasa ko ruwa. Bambancin tsawon hanya shi ne: 2 sau tsayin eriya sau tsayin jirgi, a raba da nisa. Eriya mai tsayin mita 15, jirgi a mita 300 sama, nisa kilomita 20, bambancin santimita 45 ne kacal. Gurbin mita 15 ba zai taɓa ganin wannan ba, kome gwanintar lissafinka. Amsoshin biyu narkewa suke cikin juna, wani lokaci su taru su ƙara ƙarfi har dB 12 (dB, wato desibel, ma'aunin bambancin ƙarfin sigina), wani lokaci su kashe juna jirgi ya ɓace daga allo.

Ta biyu ita ce ta bango: rumfar jirage, kwanon rufin ma'ajiya, katangar waya, tankin ruwa, jerin kwantena. Nan ƙarin hanyar yakan kai gomman mita ko ɗaruruwa, don haka ana iya raba ta a nisa. Mafi yawan matakan da ke tafe a kanta suke.

Mataki na 1: kada na'urar karɓa ta ƙoshi

Idan amsa mai ƙarfi ta cika amfilifaya ko na'urar mayar da sigina lambobi har kanta ya yanke, aiki ya lalace tun daga tushe. Siginar da aka yanke wa kai tana haifar da ƴaƴan ƙarya a ko'ina, kuma babu lissafin da zai ɗebe su. Kowane bit na na'urar lambobin yana ba da kimanin dB 6 na tazara tsakanin rufinta da hayaniya: na'ura mai bit 12 tana da dB 74 a takarda, mai bit 14 tana da 86, a aikace kuwa ƙasa da haka. Bar sararin dB 6 zuwa 10 tsakanin amsa mafi ƙarfi da rufin na'urar.

Gwajin mai sauƙi ne. Saka marage-ƙarfi na dB 10 a gaban na'urar karɓa. Duk amsa ta gaskiya za ta sauka da dB 10 daidai. Wadda ta sauka da 20 ko 30 ba daga sama ta zo ba, cikin akwatinka aka haife ta. Idan na kusa ne ke ƙosar da na'urar, gyara STC, wato tsarin da ke rage jin na'ura a farkon lokacin saurare ya riƙa sake shi a hankali.

Duba daidaiton I da Q ma. Kuskuren digiri 1 tsakaninsu yana haifar da inuwar sigina a kimanin dB 41 ƙasa da ita, a ɗaya ɓangaren Doppler, wato sauyin firekansi da gudun jirgi ke haifarwa. Wanda ke neman abu a dB 45 ƙasa zai yi ta bin inuwar yana cewa jirgi ne.

Mataki na 2: ɗauki hoton bugunka na gaskiya

Duk abin da za ka ɗebe daga baya, da samfurin bugu za ka ɗebe shi. Kada ka yi amfani da bugun da ke cikin littafi ko wanda kwamfuta ta zana. Na'urar aikawa tana lanƙwasa shi, matatai suna ƙara nasu. Ɗebo kaɗan daga bakin na'urar aikawa ta mahaɗin gwaji, ka rage ƙarfinsa, ka bi da shi ta cikin na'urar karɓa gaba ɗaya, ka tara bugu 100 ko fiye ka ɗauki matsakaicinsu don hayaniya ta kwanta. Idan babu mahaɗin gwaji, nemi hasumiya ɗaya tilo a fili wadda babu gini kusa da ita, amsarta ta zama samfuri.

A Yamai samfurin ba ya daɗewa. Rana a watan Afrilu tana wuce digiri 40, asubahin Janairu yana sauka ƙasa da 20, kuma kebul ɗin da ke hawa hasumiya yana sauya tsawonsa na lantarki da zafi. Samfurin safe ba lallai ya yi aikin azahar ba. Sabunta shi a kai a kai, musamman in na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya bayan ɗaukewar wuta.

Mataki na 3: matse bugu, ka kwantar da kunnuwa

Mu ɗauki bugu mai tsawon maikirosakan 20 wanda firekansinsa ke hawa a hankali cikin faɗin megahaz 10. Ninka su, ka sami 200, wato ribar dB 23 bayan matsewa. Abin da ke fitowa tozo ne a tsakiya da kunnuwa dama da hagu. In ba a yi komai ba, kunne na farko yana dB 13 ƙasa da tozo, na biyu 18, na uku 21, na huɗu 23.

To a ce akwai amsa mai ƙarfi a kilomita 12, wata kuma mita 68 a bayanta, mai rauni da dB 30. Ta faɗo daidai kan kunne na huɗu, wanda ya fi ta da dB 7. Ba za ka gan ta ba.

Maganin farko shi ne taga, wato rage nauyin farko da ƙarshen bugu a lissafin matsewa. Tagar Hamming tana saukar da kunnuwa zuwa kimanin dB 43 ƙasa, nan take mai raunin ta bayyana. Kuɗin da za ka biya: tozo ya faɗaɗa kusan sau ɗaya da rabi, kuma ka yi asarar dB 1.3 na fifikon sigina kan hayaniya. Tagar Hann tana tsayawa a dB 31 a kunnen farko, amma na nesa suna mutuwa da sauri. Blackman-Harris mai gaɓa huɗu tana kai dB 92 a takarda, sai dai tozonta ninki biyu ne na na Hamming daga tushe zuwa tushe, kuma da wuya na'urarka ta kai wannan tsabta. In ninkin tsawon bugu da faɗin zango bai kai 100 ba, ko 43 ɗin ma ba za ka samu ba.

Inda taga ke cin amana shi ne idan mai raunin tana kusa sosai. Tozon Hamming yana mamaye gurbi biyu kowane gefe, mita 30 a misalinmu. Amsar da ke mita 22 a baya ta shige cikin tozo, tagar da ka sa don ka gan ta ita ta haɗiye ta. Don haka riƙa fitar da sakamako biyu, mai taga da marar taga, ka ɗora su a kan juna. Tozon da ya karkace gefe ɗaya, ko ya fi samfurinka faɗi, yana ɗauke da wani abu.

Mataki na 4: ɗebe mai ƙarfin

Nan ne ainihin aikin. Dabarar ana kiran ta CLEAN, Jan Högbom ne ya fito da ita a 1974 don hotunan taurari na rediyo, masu radar suka aro ta. A kan sakamako marar taga ake yin ta, da lambobin I da Q, ba da girman sigina kaɗai ba.

Nemo tozo mafi tsayi. Kada ka yarda da lambar gurbin da ya faɗa, domin jirgi ba ya tsayawa a tsakiyar gurbi don ya faranta maka. Ƙara yawan ɗigon awo sau 8 ko 16 ta hanyar cusa sifirai a FFT, lissafin da ke rarraba sigina zuwa firekansinta, sannan ka ja lanƙwasa ta kan ɗigo uku na ƙololuwa don samun ainihin lokacin. Matsar da samfurin bugunka zuwa wannan lokaci, ka lissafa girma da faz, wato inda igiya take cikin zagayenta, waɗanda suka fi dacewa da bayanan. Ɗebe. Tozon da kunnuwansa duka za su tafi tare. Sai ka sake duba abin da ya rage, ka nemi tozo na gaba.

Zurfin ɗebewa ya dogara ga daidaiton awonka, kuma lissafin ba shi da tausayi. Kuskuren kashi 1 cikin 100 a girma yana barin saura a dB 40 ƙasa. Kuskuren digiri 1 a faz yana barin dB 35. Kuskuren kashi ɗaya cikin goma na gurbi a lokaci yana barin saura a dB 17 kacal, wanda ya fi amsar da kake nema ƙarfi nesa ba kusa ba. Sai ka kai kashi ɗaya cikin ɗari na gurbi kafin saura ta sauka zuwa dB 37. Yawancin masu cewa CLEAN ba ta aiki, a nan suka faɗi.

Siffar saura tana faɗa maka laifinka. In ta fito kamar ƙaramin tozo a daidai inda babban yake, girma ko faz ne ba daidai ba. In ƙananan tozaye biyu ne, ɗaya kowane gefe, masu faz kishiyar juna, lokaci ne ya goce. In kuwa ta bazu ko'ina, ko dai na'ura ta ƙoshi ko samfurin ya tsufa, ka koma mataki na 1 da na 2.

Idan amsoshin biyu sun kusanci juna, mai raunin tana jan awon mai ƙarfin, sai ka ɗebe abin da ba daidai ba. Hanya biyu ake bi. Ko dai a riƙa ɗebe kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na tozo a kowane zagaye maimakon duka, a yi ta maimaitawa. Ko kuma a bi tsarin RELAX na Jian Li da Petre Stoica na 1996, wanda ya fi kyau ga amsoshi ƴan kaɗan: bayan ka sami ta biyu, ɗebe ta daga bayanan asali, ka sake auna ta farko ita kaɗai, sannan ka ɗebe sabuwar ta farko ka sake auna ta biyu. Yi ta kai-komo har ƙarfin saura ya daina raguwa, kafin ka nemi ta uku.

Tsaya da zarar saura ta sauka ƙasa da shingen ganowa. In ka ci gaba, hayaniya za ka riƙa sa wa suna. Babban jirgi kuma ba ɗigo ɗaya ba ne, wanda ya kai mita 60 yana cin gurbi huɗu, don haka tozaye biyu ko uku a jere masu tafiya tare jikinsa ne.

Mataki na 5: shingen da ba ya makancewa

Shingen CFAR, wato shingen ganowa mai daidaita kansa da hayaniyar wurin, na yau da kullum yana ɗaukar matsakaicin guraben da ke kewaye ya ninka. Da gurabe 24 da yarda da ƙararrawar ƙarya ɗaya cikin miliyan, shingen yana dB 12.7 sama da matsakaicin. A ce mai rauninka tana dB 20 sama da hayaniya, abin da ya isa a gan ta sarai, amma mai ƙarfi ta dB 50 ta faɗo cikin ɗaya daga guraben 24. Matsakaici ya tashi zuwa dB 36, shinge ya kai 49, mai raunin ta nutse.

Yi amfani da na jerantawa, wanda Hermann Rohling ya wallafa a 1983: jera guraben daga ƙarami zuwa babba, ka ɗauki wanda ke kashi uku cikin huɗu, na 18 cikin 24. Har gurabe 6 na iya gurɓata ba tare da shingen ya motsa sosai ba. Lambar ninkawarsa dabam take, sai ka sake lissafa ta. Guraben tsaro, wato waɗanda ake tsallakewa a gefen gurbin da ake gwadawa, su kai faɗin tozon bayan taga, ba kafin ta ba. Mafi kyau duka, gudanar da CFAR a kan saurar mataki na 4.

Mataki na 6: Doppler da kusurwa

Abin da nisa ya kasa rabawa, gudu na iya rabawa. A tsawon igiya santimita 10, bugu 16 da ake aikawa sau 1000 a daƙiƙa suna raba haz 62.5, kimanin mita 3 a daƙiƙa. Amsar da ta bi ta bango tana ganin jirgin daga wata kusurwa, don haka Doppler ɗinta yakan bambanta. Yi CLEAN ɗin a taswirar nisa da Doppler tare. Ta ƙasa kuwa gudunta kusan ɗaya ne da na kai tsaye, nan babu riba.

Mai eriya da yawa a jere zai so ya gwada MUSIC ta Ralph Schmidt, dabarar raba sigina ta kusurwar da kowace ta fito. A kula: dabarar tana rushewa idan siginonin biyu kwafin juna ne, kuma ɓarauniyar hanya kwafi ce. Sai an raba jerin zuwa ƙananan jeri masu hawa kan juna an ɗauki matsakaici, yadda Shan da Wax da Kailath suka nuna a 1985. Eriya 16 a jeri na 12 suna ba da rukuni 5. An rage faɗin ido, amma an sami rabuwa.

Ta ƙasa da ta kogi

Tunda ba ta rabuwa a nisa, rage ta ake yi. Kada ka ce ƙasar nan ba sumul take ba. A kusurwar digiri 1 da igiyar santimita 10, duk tudun da bai kai santimita 70 ba madubi ne a wurin radar, kuma filayen da ke kewaye da filin jirgin Diori Hamani shimfiɗaɗɗu ne. Da eriya a mita 15, ramukan da jirgi ke ɓacewa a cikinsu suna jere kowane digiri 0.19 na ɗagawa.

Ana yawan cewa a sauya firekansi. Yi lissafi tukuna: don rami ya koma tozo a bambancin santimita 45, sai ka matsa megahaz 333, alhali zangon radar filayen jirage, 2700 zuwa 2900, duka faɗinsa 200 ne. Yana taimakawa, ba ya warkarwa, kuma jirgin da ya fi ƙasa ya fi ƙin jin magani. Juya igiya ta riƙa kaɗawa a tsaye maimakon a kwance ma haka: a kan ruwan kogi amsar tana raguwa sosai wajen digiri 6, a busasshen yashi sai wajen digiri 25 ko fiye, a digiri 1 kuwa duka madubi ne. Abin da ya fi aiki shi ne ɗaga hancin eriya kaɗan don gefen haskenta na ƙasa ya rage dukan fili, da karɓa ta baki biyu masu tsayi dabam-dabam, da barin tsarin kwamfuta mai bin sawun jirage ya riƙe jirgi zagaye biyu ko uku idan ya faɗa rami.

Awon da ka yi a watan Mayu kada ka dogara da shi duk shekara. Kogin Isa a Yamai sau biyu yake cika, jan ruwa na damina wajen Agusta da Satumba, da ruwan da ke gangarowa daga Gini wajen Disamba da Janairu. Faɗin madubin yana sauyawa, jiƙaƙƙiyar ƙasa ma ba ta amsawa kamar busasshiya. Sannan idan iska mai laima ta kwanta a ƙasa busasshiya na bisanta, kamar gab da damina da bayanta, ko da asuba, igiya tana lanƙwasowa ƙasa fiye da yadda lissafin kashi huɗu bisa uku na faɗin duniya ya tanada. Sai tuddan da ba a saba gani ba su cika allo, wasu ma amsar bugun baya ce ta iso a makare. Sauya tazarar bugu: abu na gaskiya zai tsaya inda yake, na makare zai yi tsalle.

Mataki na 7: fatalwa ce ko jirgi?

Rauni ba hujja ba ne. Ƙaramin jirgi marar matuƙi a bayan babban jirgi ma rauni gare shi. Ga abin da ake dubawa.

Fatalwa kullum a bayan mai ita take a nisa, ba ta taɓa riga shi isowa. Sau da yawa uku suke fitowa da tazara ɗaya: ta kai tsaye, da wadda ta bi bango sau ɗaya, da wadda ta bi shi zuwa da dawowa. In bangon yana mayar da kashi ɗaya cikin goma na girman igiya, ta tsakiya tana wajen dB 14 ƙasa, domin hanyoyi biyu ne suka taru a cikinta, ta ƙarshe tana dB 40 ƙasa, kafin a sa tasirin eriya. Tana bayyana ne kawai idan jirgi ya shiga wani yanki, ta ɓace da ya fita.

A radar mai tambaya, wadda ke aikawa a megahaz 1030 jirgi ya amsa a 1090, abin ya fi sauƙi: fatalwa tana ɗauke da lambar jirgin da tsayinsa, kuma a Mode S, tsarin da ke tambayar kowane jirgi da adireshinsa, adireshin bit 24 na jirgi ɗaya ne tak. Biyu masu adireshi ɗaya, mai nisan ita ce ƙarya. Ƙaramar na'urar karɓar ADS-B, saƙon da jirgi ke watsawa da kansa yana faɗin inda yake, tana ba ka ainihin wurin jirgin don gwadawa.

Daga nan ka nemo bangon da kansa. Sa ɗigon jirgin da na fatalwar da ta bi bango zuwa da dawowa a taswira, ja layi tsakaninsu, ka raba shi biyu da wani layi a tsaye. A kan wannan layi na biyu bangon yake. Maimaita da jirage goma ko ashirin, layukan za su taru a kan gini ɗaya, ka je ka gan shi da ido. Shigar da wurinsa da fuskar da yake kallo cikin jadawalin madubai na na'urar, yadda za ta yi wa amsar alama maimakon ta toshe ɓangaren gaba ɗaya, domin toshewa tana ɓoye jirgin gaskiya da zai bi ta nan. Sake duba jadawalin duk lokacin da aka ɗora sabon rufin kwano ko aka jibge kwantena cikin ƴan kilomitoci daga eriya, har da babban jirgin da aka ajiye a sabon wuri, don jelarsa kaɗai ta isa ta zama bango.